Sunayen da Ladan Salman Ya Kora

Duk wanda ya taɓa yada zango a unguwar tasha ta Dogon Dutsi ya san muryar Salman, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne ladanin masallacin Malam Abdussalamu, shekara shida ke nan, kuma idan ya ja kiran salla har direbobin manyan motoci masu wucewa Ƙwanni kan rage rediyo. Fuskar kuwa ba abin a tsaya kallo ba ce. Siririn mutum ne, gemu tsilli-tsilli, wando iya ƙwauri, ido kullum kamar na wanda ya baro tukunya a kan wuta. Yana da ɗan shago daura da tasha inda yake sayar da zuma, habbatus sauda, man zaitun da garin magarya, kayan da ake kira maganin Musulunci.

Salman matsoraci ne. Wannan ba zagi ba ne, shi ma ya san da haka. Amma ba maciji yake tsoro ba, ba jandarma ba. Abin da ya baro a bayansa yake tsoro.

A Sukukutane aka haife shi, kuma can Rabo ake ce masa. Ubansa mai goge ne na 'yan bori. Uwarsa Ladidi goɗiyar Doguwa ce, wato ita iskar ke hawa idan an kafa wasa, kuma tun daga Dogon Kiriya ake ɗoro marasa lafiya a amalanke a kawo mata. Rabo ya tashi yana kaɗa ƙwarya a gefen ubansa yana amshi. Kafin ya iya ɗaure jaki da kyau ya riga ya san kirarin kowace iska, da wadda ake fara kira, da wadda ba a ambata sai an tanadi baƙar akuya. Yana da shekara goma sha tara, bayan rasuwar uban, ya ji wa'azi a kaset ran kasuwa, wa'azin ya shiga jikinsa ya hana shi sakat. Da ya ɗaure kayansa, Ladidi ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa baki ba. Gumba ta ƙulla masa a tsumma, ta raka shi bakin danga.

"Tahi, Rabo," ta ce. "Amma wadda tab ba ka muryag ga ta san inda ta aje ta."

Wannan magana ya ɗauko ya shigo da ita Dogon Dutsi, kuma bai taɓa samun inda zai sauke ta ba. Ya tura baro, ya yi tebur, ya zauna gaban Malam Abdussalamu ya yi karatu, ya koma Salman, ya yi aure. Sau biyu a shekara yakan ba wani direba sukari da sabulu ya kai wa tsohuwa, ba gaisuwa, ba saƙon baki. Shi kansa rabonsa da Sukukutane shekara goma sha huɗu.

Kowa a masallacin ya san ɗan wace ce, garin ba shi da girman da za a ɓoye uwa. Ba wanda ya taɓa goranta masa, amma ya san ana kallo. Kuma ya ga yadda aka yi da Sallau, ladanin da ya gada. Wata rana hular Sallau ta faɗi a sujada, wata 'yar laya ta gangaro kan tabarma. Ba a zage shi ba, ba a ɗaga murya ba. Malam ya miƙa hannu kawai, Sallau ya ɗora masa makullin akwatin lasifika. Makullin nan ne yanzu ke rataye a wuyan Salman, cikin riga, kuma a rana yakan shafa shi ya fi sau ashirin.

Maganar talla ta zo ne ta hannun Madam Jamila, mai shagon fotokwafi da ke kusa da nasa. Baƙuwa ce daga Doso, aikin mijinta ya kawo ta, mace mai faɗa da tabarau, rabin maganarta Faransanci. Ita ta ce masa mutanen Yamai da Maraɗi yanzu a waya suke neman zuma, suna rubuta abin da suke so a injin bincike, kuma ana iya sa sunan shago ya fito musu a sama. Ba a biyan komai sai in mutum ya taɓa tallar. Shi kuma ga motoci a ƙofarsa, sai ya ɗora kaya su tafi.

Ranar da suka zauna gaban na'urarta, ta sa ya faɗi kalmomin da yake so a same shi da su. Ya ce zuma, ruƙiyya, maganin iska, maganin sammu, Dogon Dutsi. Ta rubuta da Hausa, ta rubuta da Faransanci. Sannan ta juyo ta ɗaga yatsu uku.

"Bon, Malam, ƙofa uku ce, ka zaɓa. Ta farko larj, buɗaɗɗiya. Ka ajiye kalma haka tsirara, injin ya nuna ka ga duk wanda ya ga tambayarsa ta yi kama da taka, ko da dangi na nesa ne. Ta biyu ka sa kalmar tsakanin 'yan ƙugiyoyi, sai wanda tambayarsa ta ɗauko maganarka, ko ya ƙara wani abu gaba ko baya. Ta uku egzat, ka kulle ta cikin baka mai kusurwa, sai wanda ya tambayi abin nan shi kansa. Mutane kaɗan ne, amma naka ne."

Salman ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Shekara huɗu ya yi yana tebur, ya san wanda ya tsaya neman allura shi ke tafiya da sabulu. A kasuwar Dutsi ba ka tambayar mutum abin da ya kawo shi, ka dai ce masa bismilla.

"Haba Madam, wa ka rage ma shago ƙohwa? Buɗe ta duka."

"Injin nan bai san masallaci ba fa," ta ce. "Kama kawai yake dubawa."

"Buɗe dai."

Ta ɗaga kafaɗa ta buɗe.

Makon farko ya yi daɗi. Wata malamar lakwal, wato makarantar boko, a Yamai ta sayi zuma, wani a Tawa ya nemi man zaitun. A mako na biyu, da hantsi, wata mata ta kira daga Kwatano da gurguwar Hausa. Ta gaishe shi da ladabin da ya wuce na ciniki, ta ce an ɗaure mata ciki shekara bakwai. Ya fara yi mata bayanin garin magarya da ayoyin da ake tofawa, sai ta katse shi.

"Baba, akuyar baƙa zan kawo, ko ja?"

Salman bai san lokacin da ya kashe wayar ba. Ya zauna a kan buhu, ya ce kuskuren lamba ne. Kashegari wani ya kira daga Abijan yana so a kwantar masa da abokin gaba. Rana ta uku wata ta tambaya ko har yanzu ana wasa ran Laraba, kuma nawa ne mai goge. Ba ɗaya daga cikinsu da ya san ɗaya, kowa daga garinsa, kuma duk shi suke nema da sunansa.

Da wani ne, ya zauna ya yi tunani, da ya tuna da ƙofar Madam Jamila. Salman bai tuna ba, don a tallarsa ba boka, ba bori, har "bisa sunna" ya sa aka rubuta. Abin da ya tuna shi ne bakin danga da ƙullin gumba. A masallaci ya sha faɗa wa matasa cewa iskoki ba su da ikon komai sai abin da Allah ya so, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Amma jikin da ya yi shekara goma sha tara yana kaɗa ƙwarya ba ya jin wa'azi da sauri kamar baki. Ya ga Doguwa ta bi mutum har Legas ta dawo da shi a kwance. Me zai hana ta bi waya? Ya daina ɗaukar baƙuwar lamba. Ya daina cin abincin kirki, har matarsa Khairiyya ta fara tambaya ko zazzaɓi ne. Idan wayar ta yi motsi a aljihu yana cikin sahu, sai ya danne aljihun da hannu. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Duk wanda ya ji, tambayar farko da zai yi ita ce me ya sa shi.

Ran Juma'a, ranar kasuwar Dutsi, Malam Abdussalamu ya biyo bayan an sauko daga masallaci ya zauna a bencin shagon kamar yadda ya saba. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda bai taɓa maimaita umarni ba. Suna cikin hira sai ga wani mutum ya tsallako titi daga tasha, hannunsa ɗaya riƙe da wata mata da ta rufe kai da zane tana tafiya da ƙyar, ɗayan hannun kuma riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar baƙar akuya ce, ba ɗigon fari ko ɗaya a jikinta.

Salman ya gane akuyar kafin ya gane komai. 

Mutumin ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Ya ce daga Gaya suke, tun asuba suke hanya. Ya dubi dattijon, ya dubi saurayin, ya rasa wanda zai fuskanta.

"Wane ne Malam Salman, zima?"

Zima shi ne shugaban 'yan bori. Ba wanda ke wurin da bai san haka ba, har mai shayin da ya tsaya da buta a hannu.

"Wa yat turo ka nan?" Malam ya tambaya a hankali.

Mutumin ya ciro waya ya nuna. Malam ya sa tabarau. A sama ga abin da mutumin ya rubuta: boka, bori, Dogon Dutsi. Ƙasa da shi, kafin kowane suna, ga Malam Salman, maganin iska da sammu, daura da tasha, ga lamba. Malam ya karanta har ƙarshe, leɓensa na motsi. Ya mayar da wayar, ya ce wa baƙon nan ba wurin da yake nema ba ne, ya kai baiwar Allah likita tun rana ba ta faɗi ba, ya kwatanta masa hanya. Mutumin ya juyo ga Salman kamar zai yi kuka.

"To ba ka san kowa ba, ko a ƙauye?"

"Ban san kowa ba," in ji Salman.

Sai da akuyar ta ɓace cikin jama'a sannan Malam ya miƙe.  Hannu ya miƙa, tafin a sama. Salman ya sa yatsu cikin wuyan riga, igiyar ta maƙale a kunnensa, ya fizge ta.

"Gobe bayan azahar kwamiti za shi zamna," in ji Malam. "Ka zo da bayani. Kahin nan almajirina Auwal shi kira salla."

La'asar ɗin ranar Salman a cikin shago ya ji ta, ƙofa a rufe, da muryar wani. Ya yi kuka kamar yaro, kuma rabin kukan na tsoro ne, don a ransa ya gama yarda cewa mai murya ta zo karɓar abinta.

Asabar da safe ya shiga wurin Madam Jamila ya ce ta kashe tallar, ta share sunansa, wani abu ya biyo shi cikin waya. Ta fara dariya, ta ga fuskarsa, ta haɗiye. Ta jawo masa kujera.

"Zauna. Akwai wurin da ake ganin abin da mutane suka rubuta da hannunsu kafin su faɗo kanka."

Jerin ya fito, dogo. Zuma ta gaskiya. Boka mai ƙarfi a Nijar. Bori Arewa. Yadda ake fitar da doguwa. Mai duba a Dogon Dutsi. Ta bi da bakin biro tana nuna masa. Ta ce ai shi ya ce maganin iska, ya ce Dogon Dutsi, ya bar ƙofa buɗe. Injin ya duba duniya ya ga duk inda aka ambaci iska da Dutsi, bori na kusa, sai ya haɗa su kwano ɗaya.

"Voilà aljanarka," ta ce. "Kai ka buɗe mata, ina gaya maka kana dariya."

Ya dubi allon ya daɗe. Ya kamata hankalinsa ya kwanta, amma bai kwanta duka ba. Ta kulle ruƙiyya da maganin sammu cikin baka mai kusurwa, ta sa zuma tsakanin 'yan ƙugiyoyi, maganin iska kuwa ta cire shi gaba ɗaya. Sannan ta ce saura abu guda, jerin kora. Duk kalmar da aka sa wa ɗan gajeren layi, alamar ragewa, a gaba, wanda ya rubuta ta ba zai ƙara ganin shagon ba. Za ta buga masa jerin a takarda ya kai wa kwamiti, su ga ya toshe. Ta rubuta boka, bori, zima, goge. Ta tsaya.

"Sunayensu fa? Mutane suna rubutawa. Ni 'yar birni ce, ban san su ba. Faɗo."

Shekara goma sha huɗu bai furta ko ɗaya ba. A wasa ba a kiran suna a banza, in ka kira mai shi yana zuwa. Ya dubi labulen ƙofa, ya yi ta'awwuzi, ya shafa ƙirji inda makulli ba ya nan.

"Doguwa Hwara," ya ce, muryar ba ta fita sosai.

Ta buga.

"Doguwa Baƙa. Kirai. Dongo."

Sai suka fara zuwa da kansu, ba bisa yadda ya so ba, bisa yadda gogen ubansa ke jero su. Sarkin Rahi, Kure, Gurmunya, Zanzana, Maryama. Bai lura ba sai da Madam Jamila ta dubi hannunsa: yatsunsa na kaɗa gefen tebur. Ya danne hannun da ɗayan. Fanka na juyawa, labule ya motsa, wani kabu-kabu ya wuce da ƙara. Ba abin da ya zo. Ya ja numfashi kamar wanda ya fito daga rijiya.

Ta koma jerin tana duba ko an manta wani. Can ƙasa ta tsaya.

"Ga wata kuma. Ladidi Sukukutane. Sau tara aka neme ta. Ita ma iska ce?"

Ya ga sunan a allon, baƙi ƙanana. Mutum tara, a wasu garuruwa, sun zauna da ciwonsu sun rubuta sunan uwarsa, injin ya miƙa musu ɗanta.

"Mutum ce," ya ce.

"To bar ta. Ƙofar ta riga ta rufe, ko ba ka sa ta ba mai nemanta ba zai ƙara ganinka ba."

Ya ji abin da ta ce sarai. Amma ya hango kwamiti zaune, ya hango wani ya ɗaga kai ya ce an kori kowa an bar ɗaya. Ya hango hannun Malam, tafin a sama.

"Sa ta."

"Ba dole ba ne fa, Malam."

"Madam, sa ta."

Ta sa alamar ragewa, ta rubuta sunan. Na'urar ta turo takarda da ɗuminta.

Bayan azahar mutum biyar suka zauna a inuwar masallaci. Salman ya durƙusa ya yi bayanin ƙofofi uku iyakar yadda ya gane, ya ce laifin nasa ne, kwaɗayin ciniki ne. Wani matashin ɗan kasuwa a cikinsu ya ciro waya ya rubuta boka Dogon Dutsi, ya rubuta bori, ya juya allon ya nuna wa kowa: ba Salman. Aka gyaɗa kai. Malam Abdussalamu ya karɓi takardar. Bai karanta a bayyane ba, da yatsa ya bi ta, layi bayan layi, har ya kai na ƙarshe. Nan yatsan ya tsaya.

Ya ɗago ya dubi Salman ta saman tabarau, kallo mai tsawo. Salman ya sunkuyar da kai yana jiran madalla.

Sai ya ji ƙarar takarda. Malam ya lanƙwasa gindinta, ya bi da farce, ya yage layin ƙarshe siriri. Sauran ya miƙa wa kwamiti. Guntun ya ninke, ya sake ninkewa har ya zama kamar ƙwayar gujiya, ya haɗa da makulli ya sa a tafin Salman ya rufe masa yatsu.

"Wagga ba ta cikin iskoki," ya ce, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Mu ba mu ce ka kore ta ba. Lokaci ya yi, tashi ka kira."

Ya tashi. Rigar ba aljihu, kuma ladan yana bukatar hannayensa biyu. Ya rasa inda zai sa guntun, sai ya cusa shi cikin naɗin hularsa, daidai inda Sallau ke ajiye layarsa. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki abin magana. Masu shayi da direbobi sun ce ba su taɓa jin la'asar irin ta ranar ba, har wani ya tambaya ko an yi wa ladan rasuwa ne.

Har yau takardar na cikin hular. In zai yi sujada yakan dafe ta da hannu ɗaya.